Likita ya ce in rage ƙiba, amma takardar da aka ba ni babu tuwo a cikinta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Ni malamar firamare ce, shekaruna 41, 'ya'yana huɗu, autan ya daɗe da yaye. Watan jiya ciwon kai ya matsa mini na je asibiti, aka auna ni aka ce jinina ya hau. Nauyina kilo 92, tsayina santimita 160. Likita ya ɗora ni a kan magani, ya ce in rage ƙiba, in bi tsarin cin abinci da hukumomin lafiya suka fitar, aka ba ni wata takarda mai hotuna. Da na dawo gida na duba sai na ga tuffa da inabi da wasu ganyaye da ban taɓa gani a kasuwarmu ba. Babu tuwo, babu miya. Albashina ba zai ɗauka ba. Ni dai da safe shayi da biredi ne ko koko da ƙosai, da rana shinkafa da mai da yaji ko taliya, da dare tuwo. A makaranta nakan sha lemon kwalba ɗaya saboda zafi. Na gwada daina cin abincin dare, kwana shida na yi na kasa. Ga uwar mijina tana cewa in na rame mutane za su ce ɗanta ba ya ciyar da ni. Anti, wannan tsari na gwamnati har da mu aka yi shi, ko na masu kuɗi ne?

Malama, daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Kafin komai, maganin da likita ya ba ki kada ki ajiye shi ko da kin ji garau. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, kuma duk abin da zan faɗa miki a nan ƙari ne a kan magani.

Har da mu aka yi shi. Nijeriya tana da nata tsarin tun shekarar 2001, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomi, aka zana shi kamar dalar gyaɗa. A gindin dalar, inda ya fi faɗi, hatsi ne da su doya da rogo da dankali da biredi. Hawa na biyu ganye da 'ya'yan itace. Waɗannan biyun aka ce a ci a kowane zaman cin abinci. Hawa na uku nama da kifi da ƙwai da nono, daidai wa daida. Can a tsinin dalar, inda ya tsuke, mai da kayan zaƙi, kaɗan-kaɗan. A gefe aka ajiye kofin ruwa. Kin ga ke nan tuwonki yana nan daram a gindin dalar, ba wanda ya kore shi. Takardar da aka ba ki, da alama hotunanta daga wata ƙasa aka kwaso su. Amurka ta sauya tata dalar zuwa hoton faranti a 2011, Ingila ta sabunta nata hoton a 2016, kowa kuma abincin kasuwarsa yake zanawa. Abin yana ɓata mini rai, don na sha ganin mace ta karɓi irin wannan takarda ta ninke ta tura ƙarƙashin katifa, ta yanke cewa lafiya ta fi ƙarfinta, alhali zogale yana bayan ɗakinta.

Bari mu fara da yawan abin da za ki rage, don a nan mutane suke karaya. Da tsayinki da nauyinki, lissafin da ake yi a asibiti yana nuna kin shiga sahun masu ƙiba sosai, wannan gaskiya ne ba zan ɓoye miki ba. Amma ba wanda ya ce sai kin koma jikin budurcinki. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa a ga sauyi a hawan jini da sukarin jini. A wurinki kilo biyar zuwa tara ke nan. An yi wani babban bincike a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutanen da suke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su rage kusan kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Rabin kilo a mako ya wadatar, in ya kai kilo ɗaya ma shi ne iyaka. In ba ki da ma'auni a gida, ki ari tef na tela ki auna cikinki ta saitin cibiya. Abin da ake so kewayen cikin ya kasance bai kai rabin tsayinki ba, wato ƙasa da santimita 80. Kitsen ciki shi ne mugun, ya fi na cinya da damtse illa.

Yanzu mu shiga kicin. Da na karanta abin da kike ci, ba tuwon dare ne ya fara ɗaukar hankalina ba. Mai ne da sukari.

Zan ba ki labarin gidana. Shekarun baya, da mahaifiyata ta dawo wurina bayan jininta ya hau, na ce bari in san iyakar man da muke ci. Mu shida ne a lokacin. Na sayo kwalbar man gyaɗa, irin kwalbar nan ta santilita 75 da ake aunawa a kasuwa, na manna mata takarda na rubuta ranar. Daren kwana na biyu ina tsaye a gaban murhu na ɗaga kwalbar sama, sai ɗigo. Na zauna na yi lissafi. Kwalbar nan cokali babba hamsin ce. Hamsin a raba wa mutum shida a kwana biyu, kowa ya sha cokali huɗu da ɗoriya a rana. Kowane cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori wajen 120 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki), don mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4. Wato kowannenmu yana samun kalori kusan 500 daga mai zalla, rubu'in abin da babbar mace take bukata a yini, kuma ba wanda ya ji ya ƙoshi da shi. Ban da ƙosan da muke saya a waje, ban da man shanun da ake yaryaɗawa a miyar kuka.

Abin da na yi shi zan ce ki yi. Na daina tuttula mai daga bakin kwalba. Na rataye cokali ɗaya a jikin kwalbar da zare, na ce duk mai girki da shi za ta auna. Miyar mutum shida cokali uku zuwa huɗu. Sati na farko an yi gunaguni, an ce miya ta bushe. Na ƙara albasa da daddawa da tumatir, na bar miya ta daɗe a wuta. Kafin wata ya zagayo ba mai ƙara magana, kwalbar nan kuma ta koma kai mu kwana biyar. Kin ga wannan gyara kuɗi yake mayar miki aljihu. Shinkafa da mai da yaji ita ce babbar mashayar mai a gidajenmu, don kowa da hannunsa yake zubawa har sai ƙwayar ta yi ƙyalli. Cokali ɗaya a farantinki, ki haɗa shinkafar da wake rabi da rabi ta zama garau-garau, ki yanka tumatir da albasa da kabeji ko latas a kai. Manja da man gyaɗa duk ƙarfinsu ɗaya wajen sa ƙiba, kada wani ya ce miki ɗaya ba ya ƙirguwa.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, wato wajen giram 50, cokalin shayi goma sha biyu, in an rage zuwa shida ma ya fi. Lemon kwalba na santilita 50 shi kaɗai yakan ɗauki fiye da cokali goma. Ki haɗa da uku na shayin safe, da wanda mai koko ta zuba miki. Ba a banza gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 ba. In abu ɗaya tak za ki iya bari a wannan watan, to lemon nan ne. Ki tafi makaranta da gorar ruwa, ko zoɓon da kika dafa da citta da kanumfari kika sa sukari kaɗan. Zuma ma a lissafin sukari take, haka lemon kwali. Shayi kuwa kada ki yanke masa sukari rana ɗaya, ki sauko daga uku zuwa biyu, bayan sati biyu zuwa ɗaya. Harshe yana sabo.

Ganye da 'ya'yan itace, abin da aka ce giram 400 ne a rana, wanda ake fassarawa da kaso biyar, kowane kaso kamar cikin tafin hannu. Ba a ce tuffa ba. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli kaso ne mai kyau. Alayyafo, yakuwa, lalo, tafasa, kuɓewa ɗanya, kabewa, karas, yalo, gurji, duk suna ciki. Gwanda, kankana, gwaiba, lemon zaƙi, mangwaro a lokacinsa, ki bi abin da ya yi araha a kasuwa, kada ki bi abin da ke cikin hoto. Dankali da doya da rogo ba sa cikin wannan lissafi, su 'yan gindin dala ne. Matsalarmu ita ce ganyen yana zuwa ne a matsayin miyar da ake dangwala, tuwo ya cika kwano miya ta zama ado. Ki juya abin. In malmala biyu kika saba ci, ki ci ɗaya daidai dunƙulen hannunki, ki ninka miyar, ki sa ganyen ya yi yawa har cokali ya tsaya. Tuwon dawa ko gero ko masarar da ba a surfe ta fes ba ya fi daɗewa a ciki fiye da na shinkafa da semo, saboda dusar da ke jikinsa. Faten wake, alala, dambun zogale, faten acca da ganye, duk abincinmu ne, kuma duk sun dace da tsarin.

Daina cin abincin dare da kika yi, ban yi mamakin da kika kasa ba. Mace ta wuni tsaye a gaban allo, ta dawo ta yi girki, sannan ta kwanta da yunwa, washegari sai ta rama har da riba. Ki ci abincinki sau uku. Na dare ya zama da wuri, tsakanin magariba da isha in zai yiwu. Da safe ki fi karkata ga abin da ke riƙe ciki: ƙwai dafaffe, ko alala, ko ɗumamen tuwo kaɗan da miya. Biredi da shayi mai sukari kafin ƙarfe goma sun bar ki.

Tunda jininki ya hau, gishiri ya zama dole mu yi maganarsa. Abin da aka ƙayyade bai kai giram 5 ba a rana, wato cokalin shayi ɗaya shafe, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ke ɓoye. Dunƙulen ɗanɗano galibinsa kusan rabinsa gishiri ne. Yajin da kike barbaɗawa a shinkafa akwai gishiri da dunƙule a ciki. Biredi akwai, sinadarin taliyar yara akwai, kanwa ma danginsa ce. Mace ta sa dunƙule shida a miya sannan ta ƙara gishiri. Ki rage rabi, ki bar daddawa da tafarnuwa da citta da masoro su yi aikin. Ki daka yajinki da kanki don ki san abin da ke ciki.

Motsa jiki minti 150 a mako aka ce, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ki ji numfashinki ya ƙaru amma kina iya magana. In makarantarku ba ta da nisa ki sauka daga adaidaita kafin a iso, ko ki zagaya filin makaranta bayan an tashi. Ko a tsakar gida bayan asuba ana yi.

Maganar Hajiya uwar mijinki kuma, ki bi ta a hankali, kada ki mai da abin gardama. Ta taso a zamanin da jiki shi ne shaidar an riƙe mace da kyau, kuma ƙaunar ɗanta da taki ce ta sa take faɗa. Har yanzu wannan tunani ne yake sa 'yan mata shan ƙwayoyin sha-ka-fashe suna lalata kansu. Kada ki ce mata kina son ki rame. Ki ce mata likita ya ce jininki ya hau, yana tsoron shanyewar ɓarin jiki, ya ce a rage mai da gishiri. Da wuya a samu tsohuwar da ba ta san wani da wannan ciwo ya kwantar ba. Ya fi kyau ma maigidan ne zai gaya mata da bakinsa. Kuma kada ki ware tukunyarki, girki biyu a gida ɗaya ba ya ɗorewa, ga tsada ga gajiya. Tukunya ɗaya za ki gyara, yara su ci su ƙoshi da malmalarsu yadda suka saba, ke ki auna taki. Bayan wata uku ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da tef ya nuna da abin da awon jini ya nuna.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas. Shekaruna 36, teɓa ta fito mini har ina jin nauyin ruku'u. A hanya abin da na samu shi nake ci. Abokina ya ce in riƙa azumin Litinin da Alhamis zai zube. Gaskiya ne?

Direba, daga Kano

AMSA

Malam, Allah ya tsare hanya. Azumin Litinin da Alhamis ibada ce, ka yi shi da niyyar ibada, Allah ya karɓa. Zai iya taimaka wa jiki in ba a rama da buɗa-baki ba. Amma ka duba watan Ramadan, mutane nawa ne suke fitowa sun ƙara nauyi saboda soye-soye da kunu mai sukari da ake tarawa bayan magariba? Kwana biyun nan ba za su gyara ɓarnar kwana biyar ba. Ka tuna hadisin da ya ce kashi ɗaya na ciki na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Wannan na kullum ne.

Na san abincin tasha. Mai shayi zai haɗa maka kauri da madara da sukari, ga biredi rabi, ga ƙwai huɗu da taliya suna iyo a mai. Kana iya cewa ya dafa maka ƙwan, ko ya rage man, ya ba ka sukarin ka zuba da hannunka. Wurin mai abinci ka ce a ƙara wake da ganye a rage shinkafa, kada a kwaso maka man da ke saman miya. Abin da ya fi damuna da direbobi shi ne lemon ƙara kuzari da ake sha don korar barci. Sukari ne da sinadarin kafin, yana ƙara teɓa yana kuma ɗaga jini, barcin kuma bashi ne sai an biya. Ka ajiye ruwa a gaban mota, da gyaɗa cikin hannu ɗaya, da ayaba ko lemon zaƙi, waɗannan ko'ina ana samu a hanyar. Duk inda ka tsaya salla ka ƙara minti goma kana zagaya mota da ƙafa. Ka auna cikinka, na namiji in ya wuce santimita 94 an fara shiga haɗari. Kuma ka je a duba maka jini da suga kafin tafiya ta gaba, mai tuƙa tirela bai kamata ya zauna bai san awon jininsa ba. In aka samu kana da suga aka ba ka magani, kada ka yi azumin nafila kana tuƙi sai ka yi shawara da likita, don sukari yana iya faɗuwa kana kan sitiyari.

TAMBAYA

Anti, ina shayarwa, jaririyata wata huɗu. Wata ta tallata mini shayin rage tumbi a WhatsApp, ta ce kilo goma a sati biyu. In saya?

Maijego, daga Maraɗi

AMSA

Kada ki saya, ƙanwata. Da yawa daga irin wannan shayi ganyen filasko ne ko danginsa, gudawa yake sa ki, abin da ya fita ruwa ne, kitse yana nan. Wasu kuma an sha kama su da wani magani a ɓoye mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Ba ki san abin da ke cikin ƙullin ba, ba ki kuma san abin da zai bi nono ya isa ga 'yarki ba.

Yanzu lokacin shayarwa ne, nono zalla har ta cika wata shida, kuma shayarwar kanta tana cin ƙarfi wajen kalori 500 a rana. Ki ci ki ƙoshi da tuwo da miyar ganye da wake da kifi in ya samu, ki sha ruwa sosai. Abin da za ki rage shi ne sukarin kunu da lemon kwalba da soye-soye, kunun kanwa ma a sassauta masa. Ki riƙa ɗan tattaki da ita a goye da yamma. In kika je rigakafinta na gaba, ki ce a auna nauyinki da jininki ke ma, a rubuta miki a kati.